ZARE: An cusa mana AI cikin Word da Google Docs, an ƙara kuɗi, sannan aka ce mu duba aikinsa da kanmu

1/
Zaren yana da tsawo, ku gyara zama. Magana zan yi kan maɓallan AI da aka cika Word, Google Docs, Notion da Confluence da su, da kuma mutanenmu da ke ta yi musu kirari kamar daga sama aka sauko da su. Na san za a ce ni ɗan gargajiya ne. Ba komai, a dai karanta kafin a fara jifa.

2/
Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san ciwon takardunmu: ba a karantawa, ba a sabuntawa, kuma ranar da abu ya ɓaci ba a san wanda za a riƙe ba. Ba mu taɓa kukan ƙarancin rubutu ba. Abin da kamfanonin nan suka kawo ya ƙara tulin rubutu, ya rage karatu, ya ba mai laifi sabuwar mafaka. Kuma wai mu biya.

3/
Mu fara da kuɗin tunda shi ya fi ciwo. A watan Maris 2023 Microsoft ta sanar da Copilot na cikin Word da Excel da sauransu. Da aka fara sayar wa kamfanoni a Nuwamba 2023, dala 30 ne kan kowane ma'aikaci a wata, ban da kuɗin Office da dama ake biya. Google ta fito da nata, da farko Duet AI, daga baya ya koma Gemini, shi ma dala 20 ko 30 daban.

4/
A lokacin zaɓi ne. Kana so ka saya, ba ka so ka wuce abinka. Ni ban da ta cewa a kan wannan, kasuwa ce.

5/
Sai Janairu 2025. Google ta soke sayar da Gemini daban, ta zuba shi cikin Workspace na kamfanoni gaba ɗaya, ta ƙara kuɗin kowa. Tsarin Business Standard ya tashi daga dala 12 zuwa 14 kan mutum ɗaya a wata. A cikin watan dai Microsoft ta saka Copilot cikin Microsoft 365 na ɗaiɗaikun mutane da na iyali. A Amurka na mutum ɗaya ya tashi daga dala 6.99 zuwa 9.99. Ƙarin ya haura kashi 40 cikin 100.

6/
To ku da ke cewa mutane ne ke rububin abin, ga tambaya: kayan da ake rububinsa ana ɗaure shi a jikin wani kayan? Kamar ka je wurin mai shayi ka ce shayi da burodi, ya ce ai yanzu kuɗin ƙwai na ciki, ko ka ci ko kar ka ci. Mai shayin da ƙwansa ke ƙarewa kafin hantsi ba ya buƙatar wannan dabarar.

7/
Kada a ce ni kaɗai na ga haka. A Oktoba 2025 hukumar kare masu saye ta Ostareliya, ACCC, ta maka Microsoft a kotu. Zarginta shi ne an yaudari mutane kusan miliyan 2.7 da aka nuna musu zaɓi biyu kawai, su biya sabon farashi ko su fita, alhali akwai na uku mai suna Classic, a tsohon farashi ba Copilot, wanda ba ka ganinsa sai ka fara soke rajistarka. Daga baya kamfanin ya ba da haƙuri, ya yi tayin mayar da kuɗi.

8/
Can kenan, inda akwai hukumar da ke da haƙora. Mu nan fa? Tun da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata 15 da ke biya da dala, ƙarin dala 2 ɗin nan dala 360 ne a shekara. A kan 1,500, naira 540,000 kenan. Don maɓallin da ba wanda ya roƙa.

9/
Yanzu mu duba abin da aka sayar mana. Ka buɗe shi, ka leƙa ƙasa, za ka ga ɗan ƙaramin rubutu: wannan abu yana iya kuskure, ka sake dubawa. Kusan dukkansu suna da irinsa. Wato an karɓi kuɗinka, an kuma gaya maka tun farko cewa rariya ka saya, in ta zubar da ruwa kada ka zo da kuka.

10/
Kuma ba ƙarya suka yi ba, haka abin yake aiki. Injin nan an horar da shi ne da tarin rubutu don ya hasaso kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Ba ya riƙe da wani littafin gaskiya da yake dubawa. Idan ya san amsa zai ba ka jimla mai daɗi, idan bai sani ba zai ba ka jimla mai daɗi. Murya ɗaya, natsuwa ɗaya.

11/
Nan haɗarin yake. Ma'aikacin da bai san abu ba, rubutunsa na tona shi: yana kame-kame, yana barin giɓi, kana karantawa ka ce wannan bai gane ba, kira min shi. Kuskuren AI kuwa yana zuwa da babbar riga da hula, tsaf-tsaf, har da lambar shafi.

12/
Misali. A Yuni 2023 wani alƙalin kotun tarayya a New York ya ci tarar lauyoyi biyu da kamfaninsu dala 5,000, a shari'ar da aka shigar kan kamfanin jiragen Avianca. Sun miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da tsofaffin hukunce-hukunce guda 6 da ba a taɓa yankewa ba a duniya. ChatGPT ne ya ƙirƙiro su, da sunayensu da lambobinsu.

13/
Za ku ce ai 2023 ne, an gyara. To ga 2025. Deloitte, ɗaya daga manyan kamfanonin ba da shawara huɗu na duniya, ta rubuta wa gwamnatin Ostareliya rahoto na kusan dalar Ostareliya 440,000. Wani malamin Jami'ar Sydney ya duba, ya tarar da manazarta da babu su, har da maganar da aka jingina wa hukuncin kotu ba a faɗe ta ba. Aka sake fitar da rahoton da bayanin cewa an yi amfani da AI, kamfanin ya amince ya mayar da wani ɓangare na kuɗin.

14/
Deloitte fa. Masu matakan dubawa hawa-hawa, masu albashin dala. In ya wuce su, ka ce min sakataren ƙaramar hukuma da aka ba rahoto da ƙarfe 3 aka ce a kawo ƙarfe 4 shi zai kama?

15/
Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Air Canada. Manhajar hira ta shafinsu ta gaya wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa zai iya sayen tikiti yanzu ya nemi rangwame daga baya, alhali dokar kamfanin ba haka ta ce ba. Da aka je gaban hukuma, kamfanin ya nemi ya ce wai manhajar ce ke da alhakin maganarta. A Fabrairu 2024 aka yi watsi da wannan, aka ce su biya.

16/
Ku riƙe wannan, don haka za ta kasance a ofisoshinmu. Ranar da lambar kwangila ta fito ba daidai ba, ba Google za a kira ba, ba Microsoft ba. Wanda sunansa ke ƙasan takarda shi za a kira. Kuma yawanci ba oga ba ne, ƙaramin ma'aikaci ne da aka ce masa ai yanzu akwai AI, me zai ɗauke ka kwana biyu?

17/
Ga wani wasan kwaikwayo da ya fara zama ruwan dare. Mutum yana da magana ta layi uku. Sai ya danna maɓalli, ta koma shafi biyar mai gabatarwa da kammalawa. Ya tura. Wanda aka tura wa ba shi da lokaci, sai ya danna nasa maɓallin ya taƙaita ta zuwa layi uku. An ƙona data, an ƙona wuta, an biya kuɗin wata sau biyu, kuma layi ukun da suka isa ba lallai su ne waɗanda suka taso ba.

18/
Malam, ka turo layi ukun kawai. Wallahi ba wanda zai raina ka.

19/
Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Rubuta takardar aiki shi ne lokacin da mutum ke gano abin da bai sani ba. Ka zauna rubuta yadda ake biyan ɗan kwangila a ofishinku: mataki na 1, na 2, na 3, sai ka tsaya cak a na 4. Wa ke sa hannu bayan akanta? Sai ka tashi ka je ka tambaya. Wannan tashin shi ne amfanin takardar gaba ɗaya.

20/
AI ba ya tsayawa a mataki na 4. Zai cike maka shi da abin da ya saba gani a takardun wasu kamfanoni na wasu ƙasashe. Na ga takardar miƙa aiki a wani ofis, shafi 9, kyakkyawa, tana maganar wani kwamitin tantancewa da ke zama duk mako. Ofishin ba shi da kwamiti ko ɗaya. Wanda ya karɓi aikin ya yi kwanaki yana neman 'yan kwamitin. Abu ɗaya da yake buƙata, wato wa ke riƙe da makullin sito, ba ya cikin shafi 9 ɗin.

21/
Sai na ɗaukar bayanan taro, wanda ake ta yabo. Ya saurari taro ya fitar da abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa aiki. A Turancin ofishin Amurka wataƙila. Amma a taronmu idan shugaba ya ce "to, za mu duba", kowa a ɗakin ya san an kashe maganar. Idan dattijo ya ce "ba laifi" da wata irin murya, akwai laifi babba. Injin zai rubuta: an amince za a duba, shugaba ya ɗauki nauyi.

22/
Bayan wata shida rigima ta tashi, a ɗauko bayanan taron a matsayin hujja. Tsohon magatakarda ya san bambancin "an tattauna" da "an amince", ya san kuma cewa a kan wannan bambancin ake zuwa kotu. Ban ma taɓo yadda muke cakuɗa Hausa da Turanci cikin jimla ɗaya ba.

23/
Akwai fasalin da ni kaina na so ya yi aiki: ka yi tambaya, ya bincika duk takardun ofis ya ba ka amsa. Notion na da shi, Atlassian mai Confluence na da Rovo, Copilot da Gemini ma haka. Yadda yake yi shi ne ya lalubo guntayen da suka yi kama da tambayarka, ya haɗa amsa daga cikinsu.

24/
Yanzu ka tuna foldar ofishinku. "Dokar hutu." "Dokar hutu sabuwa." "Dokar hutu ta ƙarshe." "Ta ƙarshe wadda oga ya gyara." Guda huɗu, ba kwanan wata, ba wanda ya goge tsofaffin. Ma'aikatan da suka daɗe sun san wadda ake bi. Injin ba ya cikin ofis ranar da aka soke ta 2021 da baki. Zai ɗauko wadda ta fi kama da tambayarka ya ba ka da gaba gaɗi.

25/
Da, sabon ma'aikaci zai ga guda huɗu ya rikice ya tambayi Hajiya ta sashen ma'aikata. Rikicewar nan kariya ce. Yanzu amsa ɗaya zai gani, mai tsabta, ba dalilin tambaya. Shara ba ta ragu ba, shimfiɗa aka yi a kanta.

26/
Sai batun sirri. Copilot yana iya karanta duk fayil ɗin da asusunka ke da izinin buɗewa. Ya yi daidai a takarda. Amma ofis nawa ne izininsu ke daidai? Wani ya taɓa raba jadawalin albashi da "kowa a kamfani" bisa kuskure shekara uku da suka wuce, ba wanda ya lura don yana can cikin folda ta bakwai. Yau ɗan bautar ƙasa ya rubuta "nawa ne albashin manaja", a kawo masa a faranti.

27/
A Yuni 2025 masu binciken tsaro sun bayyana wata ɓaraka a Microsoft 365 Copilot da suka kira EchoLeak: imel guda da aka ɓoye umarni a cikinsa zai iya sa Copilot ya fitar da bayanan cikin gida ba tare da ma'aikaci ya danna komai ba. Microsoft ta toshe, ta ce ba a cutar da kowa ba. Madalla. Amma tushen matsalar yana nan: injin da ke karanta komai yana wahalar bambance umarnin mai gida da rubutun baƙo.

28/
A yi adalci: Google da Microsoft sun ce ba sa horar da injinansu da takardun abokan cinikinsu na kamfanoni. To, amma mutanenmu nawa ne ke kan asusun kamfani? Yawanci asusun kyauta ne, kuma ana kwafe takardar ofis ana liƙawa a duk manhajar da ta zo hannu. Samsung da girmanta sai da ta hana ma'aikatanta irin waɗannan manhajoji a Mayu 2023, bayan wasu sun liƙa bayanan kamfani a ChatGPT.

29/
Kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yuni 2023, da hukuma mai kula da ita, NDPC. Sunayen marasa lafiya, jerin 'yan gudun hijira, lambobin BVN na masu karɓar tallafi: wanda ya tara su shi ke da alhakinsu. "Na sa AI ya gyara min teburin ne kawai" ba zai zama uzuri ba.

30/
Yanzu Hausa. Google Translate ya saka Hausa tun Disamba 2013, an kuma samu ci gaba, ban musa ba. Amma ka sa a rubuta maka wasiƙa da Hausa ka karanta da ƙarfi. Kalmomin namu ne, ƙashin jimlar na Turanci. Mace ta koma "ya", namiji ya koma "ta". Gaisuwar da za a yi wa hakimi ita za a yi wa abokin wasa.

31/
Ga kuma ƙugiya. Faɗa daban, fada daban. Ƙafa daban, kafa daban. Mai yawan rubutun Hausa da ke intanet ba ƙugiya aka yi shi, da shi kuma injin ya koya. Abin tsoron shi ne zagayen: injin ya rubuta gurguwar Hausa, malalaci ya wallafa, injin gobe ya koya daga wannan. Yaranmu su taso suna ganin haka ake rubutu.

32/
Kuɗi kuwa ɗaya muke biya da mai rubutu da Turanci. Shi an ba shi tuwo da miya, mu an ba mu gaya.

33/
Kada a ce ban ga alheri ba. Mutumin da ya san aikinsa sarai amma Turanci ke ba shi kunya, ya rubuta abinsa, AI ya gyara masa nahawu, ya karanta ya tabbatar ma'anar ba ta canza ba: wannan taimako ne na gaske, ya buɗe wa mutane ƙofofi. Sharaɗin dai shi ne tunanin nasa ne, kuma yana iya gane inda aka karkata.

34/
Kuma ci gaban da ya fi amfanar masu aiki a manhajojin nan ba shi ake talla ba. Tarihin gyare-gyare da ke nuna wa ya canza me, yaushe. Mutum biyar su yi aiki kan takarda ɗaya lokaci guda. Iya aiki ba intanet, wanda duk mai zama inda sabis ke ɗaukewa ya san darajarsa. Rabe-raben shafuka da Google Docs ya kawo a 2024. Ba ɗayansu da ke ƙirƙiro kwamitin da babu shi.

35/
Masu cewa "haka aka ce da kalkuleta ta fito", ku dakata. Kalkuleta ba ta taɓa ba ka 7 sau 8 daidai yau, gobe ta ba ka wani abu ba. A 2025 da Microsoft ta saka Copilot a matsayin dabarar lissafi cikin Excel, ita da kanta ta gargaɗi mutane kada su yi amfani da shi a aikin da ke buƙatar daidaito. A cikin Excel fa, jama'a. Me ake yi a Excel in ba aikin daidaito ba?

36/
Masu cewa "za a bar ku a baya" kuma, ina tuna muku Clippy, ɗan maƙalin takardar nan mai idanu da ya zo da Office 97, yana leƙowa yana tambaya ko wasiƙa kake rubutawa. Shi ma an ce shi ne gaba. Office 2007 ya fito babu shi. Na yau ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, na yarda. Amma ba duk abin da kamfani ya liƙa a fuskar kwamfutarka ne wahayi ba.

37/
Ga abin da nake nema daga kamfanonin, kuma ba wani abu mai wuya ba ne. Tsari mara AI a tsohon farashi, a fili, ba sai na yi barazanar fita ba. Maɓallin kashewa guda ɗaya da in na kashe zai zauna a kashe. Sannan tarihin gyare-gyare ya riƙa nuna sakin layin da injin ya rubuta, a gani ƙarara, yadda mai dubawa zai san inda zai zuba ido.

38/
Ku kuma shugabannin ofis, kafin ku biya wa kowa Copilot ko Gemini don a ce kun waye: ku ware mako guda a goge tsofaffin takardu, a sa wa kowace suna da kwanan wata da sunan mai kula da ita, a duba wa ke iya buɗe me. Ba ko sisi a wannan aikin. Kuma in ba a yi shi ba, dala 30 ɗin nan ruɗani za ta saya muku da sauri.

39/
Idan kuma ma'aikaci ya kawo maka rahoto mai shafi 20 cikin awa ɗaya, kada ka yaba tukuna. Buɗe shafi na 11, ɗora yatsa kan wata lamba, ka tambaye shi daga ina ta fito.

40/
Na ga har an fara zuwa min da "ai kai ma AI ya rubuta maka zaren". Ku taho da hujja kan lamba 7, 13 ko 35, a nan nake har bayan isha'i.